Rigar da ta yage a hammata

A shekararmu ta ƙarshe a sashen koyon zane da ɗinkin tufafi, malamarmu ta fito da wani tsari da ya ɗaga mana hankali. Za a kai mu wata ruga a ƙasar Doguwa, kusa da dajin Falgore, kowace ɗaliba ta zaɓi mace ɗaya ta ɗinka mata riga. Makin kuma ba a kyan riga yake ba. In matar ta saka ta tafi harkarta da ita, kin ci. In ta ninke ta ajiye, sai ki maimaita shekara.

Ni ko a jikina, don a ajin nan babu wadda ta kai ni iya yanka, kuma ban taɓa ɓoye hakan ba.

Mun bar Kano da sassafe a bas, muka wuce Tudun Wada muna ta waƙa kamar masu rakiyar amarya. Wadda na zaɓa wata doguwar mata ce mai tallan nono, ta kusa sa'ar mahaifiyata, don haka na kira ta Inna. Na ce ta miƙe tsaye ta saki hannuwa, yadda muke tsayar da mutum-mutumin roba a aji. Ta yi, tana ƙunshe dariya, na zagaye ta da tef na rubuta awona.

Bayan mako biyu muka koma. Rigar atamfa ce shuɗiya, hannunta ya kama damtse cif, irin yayin da ake yi a birni lokacin. Inna ta shiga bukka ta sako ta, mata suka ɗau guɗa, kaina ya ƙara girma. Ranar kasuwa ce, sai ta ɗora gammo, ta sunkuya ta cicciɓi ƙwaryar nono za ta aza a ka. Hannunta na yin sama muka ji ɓarrr! Ɗinkin hammata ya buɗe har haƙarƙari.

Rugar ta kaure da dariya, har da ƙawayena marasa kirki. Ni kuwa kunya ta rufe ni, idona ya cika da ƙwalla. Malama ta dubi agogo ta ce bas zai tashi bayan la'asar.

Inna ta sauke ƙwaryar ta ce, “'Yata, kin auna ni ina tsaye kamar turmi. Ni kuwa tun ina yarinya hannuna a sama yake kwana.”

Ta jawo ni cikin bukka ta fito da wata tsohuwar riga da ta koɗe. Ta nuna mini hammatar, inda aka sa wani ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, shi yake ba hannu hanya. Shekara uku ina karatu ban taɓa kula da shi ba.

Ga allura da zare da almakashi a jakata, amma ban zo da ragowar atamfar ba. Na tsaya ina zare ido, sannan na tura hannu ƙarƙashin mayafina na kwance jan ɗankwalina, sabo fil, na sa masa almakashi. A gindin wata tsamiya na yi ɗinkin da hannu, Inna na gefe tana dama mini fura tana gyara mini: nan ki sassauta, nan ki ninka zare. Sau biyu tana sa ni warwarewa, ban yi musu ba, abin da ƙawayena suka ce ba su taɓa gani ba.

Da ta sake sakawa sai ta ɗaga hannu ɗaya, ta ɗaga biyu, ta juya su kamar mai kiran shanu. Shiru, babu abin da ya yage. Ta aza ƙwaryarta, mata biyu suka matso suna tambaya ko akwai ragowar jan ƙyallen, su ma suna so.

Ban ma tsaya ganin abin da malama ta rubuta ba, don daɗi ya gama cika ni. Inna ta riga ta kama hanyar kasuwa don ta makara, ko sallama ba ta tsaya yi mini ba. Na bi ta da kallo, hannunta a kan ƙwarya, jan nan yana leƙowa daga hammatarta har ta sha kwana.