Ranar da Kyamarata Ta Kama Idon Inna

Shekaruna da yawa ina sana'ar ɗaukar hoto a Kazaure. Na ɗauki amare, na ɗauki alhazai, na ɗauki 'yan makaranta da majina a hanci, amma ba ni da hoton fuskar mahaifiyata ko guda. Abin da nake da shi sai gefen mayafinta, ko ƙeyarta, ko hannunta yana kare fuska.

Dalili shi ne ni ɗan fari ne. A gidanmu, can wani ƙauye gaba da Roni, kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Inna ba ta faɗin sunana, "wancan" take ce mini. In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon danga. In tana da magana da ni, ƙanwata take gaya wa, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Haka na taso na gani, ban kuma taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, sai da girma ya fara zuwa.

Wata rana ƙanwar tawa ta kira ni a waya, ta ce likitan ido ya duba Inna, ya ce ciwon ya ci ƙarfin idon, magani sai dai ya jinkirta abin. Na ajiye wayar. Tunanin da ya zo mini guda ɗaya ne: ina son hotonta tana kallona tun idon yana gani.

A lokacin ban daɗe da sayo sabuwar kyamara daga Kano ba, irin wadda ake kira marar madubi. Tsofaffin kyamarorinmu akwai ɗan madubi a cikinsu, shi ne yake ɗagawa ya yi ƙaras ɗin nan da kowa ya sani. Wannan ba ta da shi, saboda haka in ka so sai ta ɗauki hoto shiru, ko na kusa da kai ba zai ji ba. Allon da ke bayanta yana lanƙwasowa sama, kana iya ɗora ta a cinya ka ga abin da ke gabanka. Babban abin da ya sa na saye ta kuwa shi ne fokas. Da kanta take neman idon mutum, in ta samu sai ɗan koren akwati ya fito a allo ya manne a kan idon, duk inda mutum ya juya yana biye da shi. A wajen biki na gwada ta a kan yara masu guje-guje, ba ta kuskure ba. Na ce to, Inna, wannan karon kin shiga hannu.

Na hau babur da safe, lokacin kaka ne, ko'ina an jibge dammunan gero. Na tarar da ita a inuwar darbejiya a tsakar gida, tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa danga kamar kullum. Bayan na sha fura na ce wa ƙanwata ta roƙar mini ita, hoto nake so.

"Ya ɗauka mana," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Wa ya riƙe masa hannu?"

Na ɗaga kyamara na saita. Koren akwatin ya fito yana ta tsalle-tsalle. Ya je kan ƙwarya, ya koma kan danga, ya dawo kan zanen mayafinta. Can sai ya manne daram, na ji daɗi na danna. Da na duba, ashe idon akuyar da ke bayanta ya kama. Akuya ta fito tar, har gashin idonta ana iya ƙirgawa, Inna kuwa dishi-dishi. Ƙanwata ta leƙo ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaya, daga Kazaure ka taso don ka ɗauki akuya?"

Raina ya ɓaci, na huce a kan kyamara. Na shiga saitinta na tarar tana kan neman idon mutum da na dabba a haɗe, na mayar da ita kan mutum kaɗai. Na sake gwadawa, akwatin ya ci gaba da yawo. Na kashe ta na kunna. Na zare batir na mayar. Na kwance gilashin gaba, na goge 'yan ƙarafan da suke haɗa shi da jikin kyamarar, don in sun yi datti fokas yakan rikice. Na juya ta kan ƙanwata, nan take ta cafke idonta. Na mayar kan Inna, shiru. Kyamara lafiyarta ƙalau, ni ma na san haka. Ido take nema, Inna kuwa ta sunkuyar da nata cikin ƙwarya.

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye da murya sama.

"Inna, don Allah ki dubo nan. Sau ɗaya kawai."

Hannunta ya tsaya. Ta ƙara jawo mayafi, ta ce wa ƙanwata, "Ki ce masa aiki nake yi."

Gaskiya na ji zafin maganar. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, amma na ji zafi. Na koma gefe na zauna a kan kujera 'yar tsugunno, na cire hula saboda gumi, na ɗora kyamarar a cinya. Na lanƙwaso allon sama na sunkuya ina ta danne-danne, wai zan mayar da duk saitinta yadda ta zo daga kamfani. Ba gyaran ne ya dame ni ba, fuskata nake ɓoyewa kada ƙanwata ta gani.

Da na gama, allon ya koma nuna abin da ke gaba. Ban lura ba ashe bakin gilashin Inna yake fuskanta. Koren akwatin ya yi tsalle ɗaya ya manne, bai sake motsi ba.

Inna ce take kallona. Ta ɗago kanta sosai, gyaɗa a hannu ba ta ɓare ba, ta ɗan ƙanƙance ido don ta gani da kyau. Ta kalli kaina, ta gangaro kafaɗuna, ta kalli ƙafafuna, ta sake komawa sama, a hankali, ba gaggawa. Ban taɓa ganin fuskarta a haka ba. Na san da na ɗago shi ke nan, saboda haka na ƙara sunkuyawa, na kashe mata sauti, na danna. Ba a ji ƙarar komai ba. Na ci gaba da zama ina ƙunƙuni ina tsaki kamar mai fama da gyara, alhali allon kawai nake kallo, har wuyana ya ƙage.

Da na ɗago, ta riga ta koma kan gyaɗarta.

"Ta gyaru?" in ji ƙanwata.

Na ce, "Ta gyaru."

Ina ɗaure jaka a bayan babur na jiyo Inna tana ce mata, "Ki ce masa ya mayar da hularsa. Duk furfura ta fito masa a tsakar ka."

Kafin kaka ta zagayo idon ya rufe. Yanzu da murya take gane mu, kuma har yau in na gaishe ta gefe take juya fuska. Hoton na wanke shi babba, ban rataye shi a shago ba, yana ɗakina. Ban gaya mata ba, ba na kuma jin zan gaya mata.

Ranar da ƙanwata ta zo Kazaure na nuna mata shi, ina jira in ga ta yi mamaki. Ta duba, ta miƙo mini.

"To mene ne a ciki?" ta ce. "Ai haka take kallonka duk ranar da ka zo, da zarar ka juya baya. Tun muna yara muke gani. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."