Kabarin Mai Awara

"Dutse ne kawai fa, Goggo," in ji Geng, shugaban ƙauye. "Ba wanda ya ce ki shiga ƙarƙashinsa."

"Sunan wa za a sassaƙa a jiki?"

Ya sosa ƙeya. "Naki. Amma ai ta cikin littafi ake nufi."

Pang Suyun ta ci gaba da tace waken suya. Tun tana budurwa take yin awara a wannan ƙauye na lardin Shandong, a ƙasar Sin. Da awara ta yi jinyar miji har ya rasu, da ita ta aurar da 'ya'yanta. A shekarun yunwa akwai ɗan maƙwabta, Ruan Deshui, da ke raɓewa a ƙofarta tana ɗibar masa dusar awara ya ci. Ya girma ya shiga soja, daga baya ya zauna birni yana rubutu. A wani littafinsa ya saka mai awara, ya ba ta sunan Suyun ɗungurungum, ya sa ta faɗa kogi saboda soyayya. Bana littafin ya ci babbar kyauta, baƙi suka cika ƙauyen suna neman kabarinta.

"Goggo, jiya wata ɗaliba ta zo da furanni ta rasa inda za ta ajiye."

"To rubuta sunan surukarka mana."

"Haba Goggo! Malam Ruan da kansa ya amince."

"Malam? Mai majinar nan? Ya kashe ni a takarda na yi shiru, ku kuma ku binne ni ina numfashi? An sa ranar jikata. Wane gida ne zai karɓi amaryar da kakarta ke yawo alhali ga kabarinta?"

"An riga an share wurin, a bakin gada. Gobe mai dutse zai zo."

"An share? Madalla."

Washegari, kafin mai dutse ya iso, ta kafa teburinta a daidai wurin, tukunya na tururi. Motar baƙi ta tsaya.

"Kaka, ina kabarin Suyun?" in ji ɗaya daga cikin baƙin.

"Ga Suyun a tsaye. Kogin nan ma ko gwiwa bai kai ba. Da yaji ko babu?"

Mai dutse ya iso tare da Geng, ya dube ta, ya dubi Geng, ya juya kekensa da dutsen a kai.

"Gobe ma nan za ki zauna?" in ji Geng.

"Har ranar da za ku buƙaci dutsen da gaske. Tsare min teburin."

Ta ɗauki bokiti ta nufi gida jiƙa waken gobe.