Alhamzar da Ta Ci Yatsun Tasi'u

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Tasi'u mai kwamfuta a bakin kasuwar Makoda ya ji yatsunsa biyu na dama a sandare. Ba haka aka haife shi ba.

Da gyaran rediyo ya fara, a gindin darbejiya. Da kasuwar rediyo ta ja baya, ya sayi tsohuwar kwamfuta ya kama shago, yana buga wa mutane takardu. Mai tsoron gara kuma ya kawo takardar gonarsa, Tasi'u ya ɗauki hotonta ya adana a ciki. Mutum ne marar hayaniya, ko kaza zai yanka sai ya kau da kai.

A shekarar da kwanon gero ya gagari talaka, har ana zub da jini a kan iyakar gona, matarsa ta haihu, aka sa wa yarinya Safara'u. Yadda direba ke rubuta sunan ɗansa a bayan mota, haka Tasi'u ya yi don murna. Akwai mai iko da kwamfutar, wanda suke kira admin, yana da gidansa a cikinta inda duk ajiya take. Tasi'u ya sauya sunan admin da na gidan zuwa Safara'u, ya kashe na'ura, ya tafi cin naman suna.

Washegari da hantsi sai ga Dallatu, wani manomi, da ƙannensa biyu, kowa da fartanya a kafaɗa. Gara ta cinye takardar rabon gadonsu, sai hotonta da ke wurin Tasi'u, ɗan baffansa Khalilu kuma ya tsallake iyaka.

"Malam Tasi'u, fito min da takardata. Marar kunyar nan ya ci min kunya uku. Yau sai gaban mai gari."

Tasi'u ya kunna. Allo ya buɗe wayam, ko takarda ɗaya babu. Ya kashe ya sake kunnawa. Haka dai.

"Baba Dallatu, ɗan dakata, jiya suna nan."

"Jiya ai na ga Khalilu a wurin sunanka, da cinyar rago a hannu. Nawa ya ba ka ka goge?"

Bai jira amsa ba. Ya kifa masa mari, Tasi'u ya faɗa kan benci. Ƙannen suka jawo shi waje da wuyan riga, ɗaya ya haure shi a haƙarƙari, ɗaya ya danne masa hannu a kan dakali. Dallatu ya juya fartanya ya sauke ƙotar a kan yatsun, sau biyu. Har mai shayi na tsallaken titi ya ji ƙarar ƙashi. Jama'a suka taru, amma ba mai son shiga gaban ƙarfe.

"Ka ci min gona, ni ma zan ci maka hannu."

Tasi'u na kwance, jini na bin gwiwar hannunsa, idonsa ya faɗa kan allon ta ƙofar shago. Sunan da ke sama ba Safara'u ba ne. Safara ne, guntule.

"Baba, bar ni da na hagun minti biyar. In ba ta fito ba, shi ma ka karya."

Suka ja shi ciki, Dallatu tsaye a kansa da fartanya. Ashe alhamzar nan ta tsakanin a da u ce na'urar ba ta iya haɗiyewa ba. A kanta ta yanke sunan, ta buɗe sabon gida fanko, ta kai admin can. Da yatsa ɗaya Tasi'u ya laluba, ya tarar da tsohon gidan yana nan da sunan da mai sayar da na'urar ya sa masa, Tasiu, ba alhamza. Ya goge adireshin banza, ya rubuta na tsohon gidan, ya sake kunnawa. Takardu suka cika allo, ta Dallatu ce ta huɗu, da dangwalen shaidu uku.

Ya buga masa ita. Jini ya ɗiga a gefen takardar. Dallatu ya karɓa, ya fita.

Kunya ukun ta dawo wa mai ita. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, yatsu suka ƙi. Da kaka Dallatu ya aiko da damin gero, Tasi'u ya ce a kai masallaci.

Har yau yana shagon, yana bugu da hagu. Wanda ya kawo takarda, a take yake buga masa kwafi biyu ya ce ya kai gida. Yarinyar ta shiga aji uku, kowa na kiranta Safara'u, shi kaɗai yake ce mata Safara.