Albasar da Aka Jiƙa wa Gwaggo

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ni da wani abokin aikina, a kan tsohon babur ɗinsa da ba ya tashi sai an tura shi. Saƙo aka yi mini cewa Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina wadda ta goya ni, tana kwance a ƙauyenmu gaba da Kanan Bakashe, gudawa da zazzaɓi sun kayar da ita. Hankalina ya tashi, domin a makon nan rediyo bai da magana sai ta wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda aka ce an gano ta a jikin albasar da ke yawo kasuwannin yankinmu.

Muka sha isansi, wato fetur, a kwalba a bakin tasha, tsadarsa ta sa abokina ya rantse zai sayar da babur ya sayi jaki. Hanyar jar ƙasa ce mai ƙwanƙwasa ƙashi, gonaki fayau sai kututturen gero, ga zafin bazara tun hantsi bai yi ba. Abu ɗaya ne ya yi araha a tafiyar nan. Duk inda muka ratsa, albasa ce jibge a kan tabarma, jajaye masu ƙyalli, kashin da a da sai mai hali yanzu kowa na iya ɗauka. Muka tsaya karyawa wajen wata mai kwaɗon zogale. Da na ce kada ta yanka mini ɗanya, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, miki gare ka a ciki?" Abokina ya ci nasa da albasa yana yi mini dariya. Na yi masa faɗa har na gaji.

Daga Kanan Bakashe rairayi ya karɓe mu, rabi muna hawa rabi muna turawa. Da muka isa, Rabi 'yar Gwaggo ce ta tare mu. Abokiyar wasana ce, ba ta taɓa ganina ba ta ce na rame don rowa ba, amma ranar sannu kawai ta iya yi mini. Na shiga ɗaki na ga Gwaggo ta zama kamar tsumma a kan tabarma, ido ya faɗa, leɓe ya bushe. Kusa da kanta akwai ƙwarya, da na leƙa sai na ga yankakkiyar albasa jiƙe cikin ruwa.

A garinmu haka aka gada. In bazara ta shigo, albasa ce maganin zafi: a shinshina ta, a tauna ta, a jiƙa wa mai zazzaɓi ya sha ruwan. Duk wanda ya zo dubiya, tunda ta yi araha, da ita yake zuwa a bakin zane ko aljihu. A kusurwar ɗakin ta taru tuli guda, kowace ɗaya ƙaunar wani ce.

"Tun yaushe kike ba ta wannan?" na tambayi Rabi.

"Tun randa ta kwanta, Yaya. Shi kaɗai take iya haɗiyewa. Mi ya faru?"

Na ɗauki ƙwaryar na zubar a bayan gida, muka nemo amalanken shanu muka shimfiɗa Gwaggo, muka koma Kanan Bakashe cikin rana. Ban taɓa jin haushin tafiyar shanu ba sai ranar.

A gidan likita mutane ne kwance har ƙarƙashin itacen bedi, mafi yawa tsofaffi da ƙananan yara. Manjo, wato babban ma'aikacin wurin, ya sa mata ƙarin ruwa da ƙyar, don jijiya ta ɓuya. Ya ce yana zaton an wanke albasar ne da ruwan tafkin da dabbobi ke sha suna kashi, don ta yi kyau a kasuwa. Cutar ba ta wari, ba ta canza launi, kuma wuƙar da ta yanka ta ma tana ɗauka. Ya ce wadda aka riga aka saya a zubar, abinci a dafa shi ya nuna sarai, a wanke hannu da sabulu, mai gudawa a kawo shi da wuri. Yana faɗa yana kallon ƙasa, da gani ya maimaita har ya gaji.

Washegari bayan azahar Gwaggo ta cika. Rabi ta riƙe hannun rigata ta ce, "Yaya, ni na kashe ta ke nan?" Na ce mata kwana ne ya ƙare. Gaskiya ce, amma ban iya kallon idonta ba.

A wurin zaman makoki na tashi na yi bayani. Dattawa suka saurara cikin ladabi, ɗayansu ya ce, "Allah shi yi ma albarka. Amma albasa tun kakanninmu magani ta." Ban zauna ba aka shigo da dambun sadaka, an yi masa ado da ɗanya a sama.

Ranar komawa, dattijon nan da kansa ya ɗaura mana ƙullin albasa a bayan babur, wai tsarabar iyali. Kunya ta hana ni cewa a'a. Sai da gari ya ɓace mana na kwance shi na watsar a gefen hanya. Da babur ya kafe a rairayi na waiga, sai na hango wasu mata da ke dawowa daga rijiya sun sauke tuluna suna tsincewa cikin murna. Na ɗaga hannu ina ihu su bari. Su ma suka ɗago nasu, suna yi mini godiya.

Mun shigo Tasawa da la'asar, abokina yana ta riƙe ciki yana cewa rana ce. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, sanin cuta bai isa ba in ta shigo ta hannun masu ƙaunarka. Na san komai tun kafin in bar gida, kuma ban hana ko mutum ɗaya ci ba.