Kwanon da Ba Ya Ƙara

Mijina mai gyaran rediyo ne a kasuwar Sabon Birni, kuma shi ya fara cewa a daina yawo da hotuna a waya. A shekarun nan duk wanda zai hau hanyar Isa ya san ana iya tare shi a karɓe wayar, da duk abin da ke cikinta. An karɓe ta ƙanensa, hotunan gonarsu ta Gangara suka tafi, gonar da ba mu iya zuwa yanzu. Sai ya ce zai haɗa mana ma'ajiya a gida, kowa ya juye kayan wayarsa a ciki, ya fita da wayar fayau.

Ta farkon da ya haɗa tsohuwar kwamfutar tebur ce. Fankarta kamar injin niƙa, ga shan wuta: kafin la'asar ta tsotse batirin solarmu, ni da jaririya muna ta zufa. Ba ni da haƙuri, ban kuma taɓa cewa ina da shi ba. Na ce masa ko dai ita ko ni a ɗakin nan.

Ya yi dariya ya ce, "Malama, ki yi mani haƙuri. Za ni yi maki wadda ko numfashinta ba ki ji."

Ya daɗe yana fama. Ya ciro allon cikin wata laftof da fuskarta ta fashe, ya cire fankar, abin ya yi zafi ya mutu. Ya samo wani. Ya sauya faifan ajiya mai juyawa da irin wanda ba ya motsi. Matsalar zafi ce ta hana shi sakat, har ranar da ya ga na sauke kwanon silba daga wuta ya huce nan da nan. Ya ɗauke mini kwanon, mafi kyau cikin kayan aurena, ya manna allon a gindinsa daga ciki don ƙarfen ya sha zafin, ya huda gefe ya zura waya, ya rufe da murfi. Ya ajiye shi kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Na yi masifar kwanona har maƙwabta suka ji.

Amma abin ya yi. Shiru kake ji, wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba. Da ka shigo gida wayarka za ta same shi ta iska. Muka juye komai: hotunan bikinmu, na sunan 'yarmu, saƙonnin muryarsa da yake aiko mini daga kasuwa, da wasan da yake yi wa yarinyar yana kwaikwayon kukan jaki. Duk wanda aka juye, sai ya goge na wayar. Yakan ɗora tafin hannu a kan murfin ya ce, "Ji ɗumi, yana aiki."

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a tsakiyar damina. Kwanaki kaɗan ya yi a kwance.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Ni ina ƙuryar ɗakin uwarsa, ban san inda kaina yake ba. A gidan rasuwa mata ba sa tambaya, duk kwanon da suka gani na abincin baƙi ne. Yayarsa da ta zo daga Turba, mace mai zafin nama, ita ke tattara kwanuka.

Washegari da hantsi ta shigo ta dire abinci a gabana. Tuwon dawa ne, a cikin kwanon silba mai huji a gefe.

Na ce, "Yaya, ina kika samo kwanon nan?"

"Bakin randa. Kwano mai kyau haka an bar shi ga ƙasa. Ci ki samu ƙarfi, don Allah."

"Abin da ke ciki fa?"

"Tarkacen rediyo? Da ƙyar na ɓamɓare shi. Mun ƙone da shara tun da sahe."

Na ture kwanon gefe. Mi za ni ce mata? Ƙanenta aka binne jiya, idanunta sun kumbura. Da abin yana ƙara ko kaɗan, da ta ji ta bar shi. Ni na nemi shirun, shi kuma ya yi mini shi yadda babu wanda zai gane akwai rai a ciki.

Na je inda aka ƙona sharar na tona tokar da hannuna. Na samu ƙarfe a lanƙwashe da wani abu baƙi da ya narke. Da wani abokin aikin mijina ya zo gaisuwa na nuna masa, ya juya shi a hannu, ya mayar mini yana girgiza kai.

Zuciyata ta karye sau biyu a mako guda, kuma na biyun ne na kasa gaya wa kowa, don kada ya koma kunnen Yaya. Har yau ba ta sani ba.

Yarinyar ta fara magana sosai yanzu. Kwanan baya jaki ya yi kuka a bayan katanga, ta tambaye ni yadda babanta yake yin nasa. Na gwada. Ta dube ni ta ce in sake, na sake. Na lura ni ma ban tabbata haka yake yi ba.