Tsohon da Ya Sara wa Motocin Soja

Rahinatu mai suyar kifi a bakin hanyar gada ba ta san sunansa ba. Tsoho ne siriri, takalmin robarsa wanke tas, bayansa miƙe kamar ya haɗiyi taɓarya. Wannan tsayuwa, a bariki ake koyonta.

Motocin sojoji na wucewa, sai ya ƙame, ya sara musu. Samarin da ke ciki sun rufe fuska, yatsa kan kunamar bindiga, suna kallon kowa kamar maƙiyi. Babu wanda ya amsa.

"A zamaninmu, 'yata, soja ba ya ɓoye fuska," in ji shi. "Ko janar sai ya amsa maka."

Motocin sun ɓace, hannunsa na nan a goshi. Can sai ya yi kamar hula yake gyarawa.