Jinin Kawu Sale

Duk wanda ya zauna Badarawa ya san Kawu Sale mai wankin hula, ya kuma san ba a kai masa kukan ciwo. Kana cewa kanka na sarawa, ko ɗagowa ba zai yi ba, zai ce, "Basir ne." Ciwon haƙori, basir ne. Ranar da Bala direba ya faɗo daga babur ya karye, Kawu ya je dubiya, ya ƙare wa ɗaurin kallo, ya ce, "Da ba don basir ba, da ƙashin nan ya jure." Wallahi a gabana aka yi!

To, bayan wata Babbar Sallah sai abin ya zo kansa. Ya ci kitsen rago ya yi nak. Da hantsi na tarar da shi a duƙe a ƙofar shago yana amai, ya dafe saman cikinsa, wai kamar an soka masa mashi ya ɓullo ta baya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, ban tsaya jin ta bakinsa ba na tare keke sai asibiti.

Likita ta ce a ɗebi jini. Mai ɗibar, Madam Rifkatu, wata 'yar Kafanchan mai fara'a, ta ɗaure masa dantse da roba.

"Ke 'yar nan, ciki ke ciwo, me ya kai ki hannu?"

"Baba, jinin ne zai gaya mana abin da ke cikin."

"Tun haihuwa muke tare da shi bai taɓa gaya mini komai ba, sai ke daga haɗuwa yau?"

Da sakamako ya fito, likita ta yi mana bayani. Akwai wata tsoka a bayan tumbi, fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci. Ita ce ta kumbura, sinadarinta ya malala cikin jini.

"Baba, laifes ɗinka ya yi yawa."

Kawu ya zabura duk da ciwon. "Laifina? Wa ya kawo ƙarata?"

"Sunan sinadarin ne, Baba. Naka ya ninka na mai lafiya fiye da sau uku."

Sai ya koma ya kwanta, har da gyara hula, ya dube ni. "Ka ji ko, Nura? Ko a jini na fi mutane."

Amma likita ta ja ni gefe. Ta ce yawan laifes ciwon kawai yake nunawa, ba ya faɗin tsananinsa. Sai an riƙa auna ƙoda da ƙarfin kumburin, domin in ƙoda ta gaza, magana ta canza. Na dawo na zauna ina kallon ruwan da ake ƙara masa, shi kuwa yana can yana tambayar na gadon kusa me ke damunsa.

Washegari sai ga Madam Rifkatu da allura.

"Kai! Na jiya fa? Kun shanye?"

"Wannan na ƙoda ne, Baba."

"Ɗiba. Amma in ya yi saura a dawo mini da abina, ba sadaka na bayar ba."

Allah Ya taimake mu, ƙoda ta riƙe, kumburin ya fara sauka. Ranar da aka ba shi kunu, sai da ya lashe cokali. Da za mu tafi ya kira Madam Rifkatu ya ce, "Mijinki na sa hula?" Ta ce yana sawa ranar Lahadi. Ya ce, "A kawo." Tun daga nan shi ke wanke hulunan mutumin, in an miƙo masa lada ya ɓata rai.

Ya ƙara shekaru masu daɗi kafin ya rasu bara. Madam Rifkatu ta zo ta'aziyya, ta zauna cikin iyayenmu mata tana ba su labarin "na jiya fa", ana dariya ana share hawaye.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.